Fender Bassman ta 1959: yadda ake duba lafiyar tsohuwar amfilifayar jita da sauye-sauyen da ake yi mata

Yau mun ajiye batun fim, za mu leƙa bayan makaɗi, wajen akwatin nan da sautin jita ke fitowa. Na ɗauki Fender Bassman ne saboda duk wanda ya gane ta, ya gane rabin amfilifayoyi masu bawul.

Asalinta

Kamfanin Leo Fender da ke Kalifoniya a Amurka ya fitar da Bassman a 1952 domin jitar bes. Samfurin da ya fi shahara shi ne 5F6-A, na 1958 zuwa 1960. Tana da sifika huɗu masu inci 10 na Jensen, ƙarfinta wajen wat 40. Da bawul take aiki, wato kwalaban gilas masu kama da ƙwan fitila, irin na tsoffin rediyo: 12AY7 ɗaya da 12AX7 biyu a gaba, 5881 biyu masu tura sifika, sai GZ34 mai juya wutar. Abin mamaki, 'yan jita ne suka fi 'yan bes rungumarta, don in aka ƙure murya sai sautin ya yi wani kaushi mai daɗi. A 1962 Jim Marshall a Landan ya kwaikwayi tsarinta ya fitar da JTM45.

Yadda ake gane shekarunta

A cikin akwatin akwai takardar jerin bawul da hatimin haruffa biyu. Na farko shekara ne: H 1958, I 1959, J 1960. Na biyu wata ne, A Janairu. Sifikun Jensen kuma lambarsu na farawa da 220. Mai saye ya fi damuwa da taransifoma da sifika, domin su ne ran sautin, kuma canza su na karya farashi sosai.

Abin da shekaru ke cinyewa

Na farko manyan kwandensa masu tace wuta. Suna bushewa, sai ka ji wani "huuum" ko ba ka taɓa jita ba. Wani lokaci su kumbura ko su yi yoyo. Na biyu ƙananan kwandensa da ke tsakanin bawul da bawul: in sun tsufa suna barin wuta ta wuce inda bai kamata ba, sai ƙarfen cikin bawul ya yi ja zur. Ka ga haka, kashe ta nan take. Na uku rezista, waɗanda ƙimarsu ke kaucewa, su riƙa ƙara tas-tas.

Sai babbar magana. Wayar wutarta ta asali mai baki biyu ce, babu ta ƙasa, kuma akwai wata kwandensa tsakanin layin wuta da jikin ƙarfen, wadda masu gyara ke kira kwandensar ajali. In ta lalace, wuta na iya bin waya har igiyoyin jitar da ke hannunka. A cire ta, a sa waya mai baki uku. Wannan ba ɓata kayan tarihi ba ne, tsare rai ne.

Don Allah a kula: a ciki akwai wuta sama da volt 400, kuma kwandensa na riƙe ta ko an zare filogi. Ba aikin gwaji ba ne, a kai wa wanda ya san kayan bawul.

Sauyin da ake iya komawa baya

Wasu na cire 12AY7 su sa 12AX7, wadda ke ƙara sauti fiye da ninki biyu, sai kaushin ya zo da wuri. Marshall ma haka ya yi. Wasu na haɗa ƙofofinta biyu da gajeriyar waya don su cakuɗa sautinsu. In an sa sabbin 5881, dole mai gyara ya auna wutar da suke ja, in ba haka ba su mutu da wuri. A canza sifika ma ba laifi, amma a tuna huɗun nan a haɗe om 2 suke, kuma ba a kunna ta babu sifika, taransifoma na iya ƙonewa.

Sauyin da ba ya komawa

Huda jikin ƙarfe don ƙara maɓallin murya, yanke katako, ko sake tsarin wayoyin gaba ɗaya. Gaskiya ne irin wannan karambani ya taɓa haifar da abu: Randall Smith ya cusa wa ƙaramar Fender Princeton ƙarfi irin na Bassman, daga nan Mesa/Boogie ta samo asali. Amma fa a lokacin waɗannan akwatuna ba su zama kayan tarihi ba. Yau mai son sabon sauti gara ya sayi feda, ko kwafin Bassman da Fender ta sake fitarwa a 1990, ya yi yadda ya ga dama da shi.

Ga mu nan gida

An ƙera ta ne don wutar Amurka, wajen volt 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. Ka soka ta kai tsaye, an gama. Sai da taransifoma mai rage wuta, da sitabilaiza in janareta za a yi amfani da shi.

Shawarata a taƙaice: a gyara abin da zai iya kashe mutum ko ya ƙona akwatin, a bar sauran yadda Leo ya bar shi. Duk abin da aka cire kuma, ko matacciyar kwandensa ce, a zuba a leda a ajiye wa mai saye na gaba.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.