Yadda masana ke leƙa cikin ƙwaƙwalwa, da abin da ya shafe mu

Bara da na je gida Kafanchan, na tarar 'yar ƙanwata mai shekara 9 ta fara faɗuwa tana jijjiga. Kowa da tasa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce a ware mata kwano. Da aka kai ta Kaduna aka yi mata gwajin EEG, likita ya ce farfaɗiya ce. Abin da ya sa na shiga bin diddigin wannan ilimi ke nan.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, suna aika wa juna saƙo da ɗan lantarki da sinadarai. Kuma ba a warwatse suke ba, layi-layi suke. Duk ɗan Kafanchan ya san mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ke rabuwa, ɗaya Kaduna, ɗaya Jos. To haka saƙo ke bin hanyarsa a kai. Farfaɗiya kuwa ita ce ƙwayoyi da yawa su tashi da lantarki lokaci guda ba tsari.

EEG shi ne tsohon kayan aiki. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara gwada shi kan mutum a 1924. Wayoyi ake manna wa a fatar kai su ɗauki motsin lantarkin, ba ya zafi, ba ya sa wa mutum wuta. MRI kuma hoton cikin kai yake ɗauka, a ga ko akwai tabo ko ƙari.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na jami'ar Stanford a Amurka. A 2005 Karl Deisseroth da abokan aikinsa suka nuna za a iya sa wa ƙwayar jijiya wani furotin da aka samo daga gansakuka, sai ta riƙa amsa haske. Wato a haska mata shuɗin haske ta tashi. Da wannan ake kunna layi guda a kan ɓera, a ga abin da zai yi. Sannan a 2024 masana suka fitar da cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro: ƙwayoyi kusan 140,000, mahaɗa sama da miliyan 50.

Mu ma ba a bar mu a baya gaba ɗaya ba. Dakta Mahmoud Bukar Maina na jami'ar Sussex a Ingila ya kafa cibiyar BioRTC a jami'ar jihar Yobe, Damaturu, a 2021, inda ake horar da matasa. A jami'ar Ibadan ma ana bincike da wannan ƙuda, don kiwonsa ba tsada.

'Yan'uwa mazauna Legas da Abekuta, asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba da na Aro suna kusa da ku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. In ciwon ya tashi, a kwantar da mutum ta gefe, a kawar da wuta da abu mai kaifi, kada a cusa masa cokali a baki. In ya wuce minti 5, sai asibiti. Yawu ba ya yaɗa ta. Yarinyarmu dai tana shan maganinta, ta koma makaranta, kwanonta ɗaya da ƙannenta.