Wuta da Ruwa a Fadamar Haɗejiya

Tun zamanin kaka da kakanni, manoma da makiyayan fadamar kogin Haɗejiya sun ɗauki wuta a matsayin kayan aiki mai lokacinsa, kamar yadda shuka da girbi suke da nasu. Idan ambaliyar damina ta janye, alhali ƙasa tana da sauran laima, akan cinna wa tsohuwar ciyawa wuta domin sabon toho ya fito wa dabbobi, toka kuma ta zama taki. Wannan ita ce ƙunar wuri, wato wadda ake yi a farkon rani, wadda take lashe busasshiyar ciyawa ta bar saiwa da manyan itatuwa, saɓanin gobarar bazara da ke cinye komai. Hikimar tsarin duka ta dogara ne ga abu guda: fadama ta cika a lokacinta, ta kuma bushe a lokacinta.

Wannan daidaito ne ya gurɓace bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, domin ruwan da ake saki saboda noman rani ya sa rassan kogin da a da suke ƙafewa, musamman mashigar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, suka koma riƙe ruwa duk shekara. A irin wannan ruwa mai kwanciya ne kacala, wata doguwar ciyawa mai yaɗuwa ta ƙarƙashin laka, ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu ɓarnar hatsi.

Mutanen yankin sun koma ga makamin da suka gada, suna sara suna ƙonawa, amma wuta ba ta isa ga saiwar da ke kwance cikin jiƙaƙƙiyar laka, don haka kacala takan sake tsirowa ba da daɗewa ba. Yankanta ƙasa da saman ruwa, yadda kututturen zai nutse ya ruɓe, ya fi tasiri. Laifin ba na wuta ba ne, domin muddin ba a tsara sakin ruwan madatsun yadda fadamar za ta riƙa samun raninta ba, ƙuna ba za ta dawo da gonakin da kacala ta cinye ba.