Manyan gidaje da zumunta a ƙasar Etruriya

Etruriya tsohuwar ƙasa ce a tsakiyar Italiya. Kusan dukkan littattafan mutanenta sun ɓace. Abin da ya saura shi ne rubuce-rubuce kimanin 13,000, akasarinsu gajeru ne na kaburbura. Don haka kalmomin zumunta suna cikin waɗanda aka fi tabbatar da ma'anarsu: apa uba, ati uwa, clan ɗa, sech ɗiya, puia matar aure, lautn dangi.

Tun wajen shekara ta 700 kafin haihuwar Annabi Isa, manya suka soma haɗa sunan yanka da sunan zuri'a, wanda ake gado ta wajen uba. Amma sau da yawa akan ambaci dangin uwa, kuma mace takan riƙe sunanta bayan aure. Ta haka ake gano auratayyar da ta ɗaure gidajen sarauta da juna. A Tarkwiniya, a kabarin gidan Velcha, an zana Larth Velcha da matarsa Velia Seitithi suna liyafa tare.

Wannan daula ta dogara ne bisa bayi da barori. Ƴantaccen bawa ma lautni ake ce masa, wato na dangin ubangijinsa. Bayan ƴantattu sun ƙwace mulkin Volsinii, manyan garin suka kira Rumawa, su kuwa suka rushe birnin a shekara ta 264 kafin Annabi Isa. Daga bisani gidaje da dama suka tsira da martabarsu ta hanyar zama Rumawa, harshen kakanninsu kuwa ya mutu.