Yadda Manhaja Ta Koyi Iyakar Ƙarfe

A 1965 injiniya Stuart Keeler na Amurka ya wallafa binciken da ya yi: ya zana ƙananan da'irori a kan fallen ƙarfe, injin matsi ya danne shi, ya auna miƙewarsu, ya gano inda ƙarfe ke tsagewa. A 1988 kuma Bendsøe da Kikuchi suka fito da hanyar da kwamfuta ke rage nauyin sassan inji da kanta. Sai dai siffofinta sau da yawa ba sa matsuwa. Don haka manhajoji irin su OptiStruct, wadda ta fito a 1994, suka shigo da sharuɗɗan masana'anta: kauri ɗaya, kuma kayan ya fita daga injin ta fuska guda. Zanen da ba ya ƙeruwa asara ne.