Usenet da Docker: Yadda ake girka manhajar sauke fayil a cikin 'kwantena'

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin sauke babban fayil daga intanet a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya san irin asarar da ake yi idan aka ɗauke wuta aiki na gab da kammala. Sau da yawa sai an koma farko, datar da aka saya kuma ta riga ta ƙone.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana kwamfuta ke bi don rage wannan asara ita ce haɗa wani tsohon tsari mai suna Usenet da wata sabuwar manhaja mai suna Docker, ta yadda kwamfuta za ta riƙa sauke fayil da kanta, ta kuma ci gaba daga inda ta tsaya bayan an dawo da wuta.

Mene ne Usenet?

Usenet ya girmi shafukan intanet da aka saba da su a yau. Wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Duke a Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su ne suka ƙirƙiro shi a 1979, ya fara aiki a 1980.

Tsari ne na zaurukan tattaunawa, kowane zaure da maudu'insa. Idan mutum ya aika saƙo zuwa wata sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonni, sai ta miƙa shi ga maƙwabtanta, su ma su miƙa gaba, har ya zagaye duniya. Babu kamfani guda da ya mallaki tsarin.

A cikin waɗannan zauruka ne Tim Berners-Lee ya ba da sanarwar tsarin shafukan intanet a watan Agustan 1991, kuma a cikin watan ne Linus Torvalds ya sanar da aikin da ya zama Linux. 'Yan Najeriya mazauna ƙasashen waje su ma suna da zaurensu mai suna soc.culture.nigeria, inda suka tafka muhawara kan siyasar ƙasar a zamanin mulkin soja na shekarun 1990.

Sai dai a cikin gida Usenet bai yi tashe ba. A lokacin da shagunan intanet suka bazu a garuruwa irin su Zariya a farkon shekarun 2000, hankalin jama'a ya riga ya koma kan imel da shafukan intanet.

Jami'ar Duke ta rufe sabar ɗinta ta Usenet a 2010, kamfanin Google kuma ya daina karɓar sababbin saƙonnin Usenet a watan Fabrairun 2024. Abin da ya fi riƙe tsarin a yanzu shi ne musayar manyan fayiloli, ta hannun kamfanonin da ake biya, waɗanda akasarinsu ke Amurka da Holan.

Yadda fayil ke tafiya

Tun asali an gina Usenet ne domin rubutu, don haka saƙo guda ba ya ɗaukar babban fayil. Akan daddatsa fayil ɗin zuwa ɗaruruwa ko dubban gutsattsari, kowane bai kai megabait ɗaya ba, a aika kowane a matsayin saƙo mai lambarsa.

Wani ɗan ƙaramin fayil da ake kira NZB shi ne ke ɗauke da jerin lambobin. Kamar takardar da direban babbar mota ke riƙewa ne, wadda ke nuna buhu nawa aka loda masa da alamar kowane buhu.

Aikin manhajar saukewa shi ne ta karanta wannan takarda, ta ɗebo gutsattsarin ta layuka da dama a lokaci guda, ta harhaɗa su, ta kwance su, sannan ta ajiye fayil ɗin inda aka umurce ta. Idan wasu gutsattsari sun ɓata, akwai fayilolin gyara da ake kira PAR2, waɗanda ke amfani da lissafi wajen sake gina abin da ya ɓace, muddin ɓarnar ba ta wuce yawan kayan gyaran da aka haɗo ba.

A nan amfanin tsarin yake ga mai zama inda wuta da sabis ba su da tabbas. Tun da a gutsure fayil ɗin ke zuwa, katsewar layi ba ta cin komai sai 'yan gutsattsarin da ke kan hanya a daidai lokacin.

Manhajoji biyu ne suka fi shahara, kuma dukkansu kyauta ne. SABnzbd an rubuta ta da harshen Python, tana da sauƙin saitawa. NZBGet kuwa da harshen C++ aka rubuta ta, ba ta cin ƙarfin kwamfuta sosai, abin da ya sa masu ƙananan na'urori suka fi son ta. Wanda ya ƙirƙiro ta ya ajiye aikin a 2022, daga baya wasu suka ɗauka suka ci gaba.

Kwantenar kwamfuta

An aro sunan ne daga kwantenar da jiragen ruwa ke saukewa a Apapa, irin wadda ake mayarwa shago a bakin kasuwannin arewacin Najeriya. Akwati ne mai girma iri ɗaya, wanda jirgin ruwa da jirgin ƙasa da tirela duk ke ɗauka ba tare da an buɗe shi ba.

Haka manhajar Docker, wadda Solomon Hykes da abokan aikinsa suka fitar a 2013, ke yi. Tana ƙunshe manhaja tare da duk abin da take bukata a cikin ƙunshi guda, wanda zai yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta. Manhajar da ke ciki ba ta ganin sauran sassan kwamfutar sai inda aka buɗe mata.

Ga ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke da kwamfuta ɗaya tak, wadda a ciki kundin bincikensa yake, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Zai iya gwada manhaja, idan ta lalace ya goge kwantenar ya tayar da wata cikin 'yan mintuna, sauran kwamfutar na nan yadda take.

Akan rubuta saitin ne a wani ɗan fayil na Docker Compose, wanda sau da yawa bai wuce layi ashirin ba.

Inda ake yin kuskure

Babban kuskuren sababbin shiga shi ne mantawa cewa kwantena ba wurin ajiya ba ce. Duk abin da aka rubuta a cikinta yana tafiya ranar da aka goge ta, kuma sabunta manhajar na nufin goge tsohuwar kwantena a tayar da sabuwa.

Saboda haka dole ne a keɓe aƙalla folda biyu a kan faifan kwamfutar, a haɗa su da kwantenar: ɗaya ta saiti da jerin aikin da ke layi, ɗaya ta fayilolin da ake saukewa. Wanda bai yi haka ba zai wayi gari ya tarar da manhaja fes, babu saiti, babu fayil.

Yana da kyau foldar aikin da ke gudana da ta wanda aka kammala su kasance a kan faifai guda, domin kada kwamfuta ta riƙa kwafe kowane fayil daga wannan wuri zuwa wancan. A kuma tuna cewa a lokacin kwancewa fayil kan ci kusan ninki biyu na girmansa.

Sai batun izini. A tsarin Linux kowane fayil na da mai shi. Idan ba a daidaita lambar mai amfani ta cikin kwantena da ta waje ba, manhajar za ta sauke fayil amma mai kwamfutar ya kasa buɗewa ko gogewa. Ƙunshin da ƙungiyar LinuxServer ke shiryawa na da guraben PUID da PGID domin wannan.

Agogo ma kan yi wa mutane wasa. Kwantena kan tashi ne da agogon GMT, wanda ke bayan na Najeriya da sa'a guda. Wanda ya umurci manhaja ta yi aiki a sa'o'in datar dare mai rahusa, bai kuma saita yankin lokaci zuwa Africa/Lagos ba, zai yi asarar sa'ar farko, sa'ar ƙarshe kuma ta ci masa datar rana.

Akwai kuma umurnin da ke sa kwantena ta sake tashi da kanta duk lokacin da kwamfuta ta kunnu. Idan aka haɗa shi da saitin da ke sa kwamfutar ta kunna kanta da zarar an kawo wuta, ba sai wani ya tashi da ƙarfe biyun dare ba.

Ana sarrafa manhajar ne daga burauza, SABnzbd ta ƙofa mai lamba 8080, NZBGet ta 6789. NZBGet ta daɗe tana zuwa da kalmar sirrin da kowa ya sani, kuma a gidan haya na ɗalibai inda mutum goma ke kan waya-fai ɗaya, canja ta shi ne aiki na farko.

Wuta da kuɗi

Kwantena ba ta maganin rashin wuta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo lantarki yankin.

Ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, wadda ba ta cin fiye da 'yan wat kaɗan, na iya kwana a kan ƙaramin batir ko sola. Sai dai katin memori da take amfani da shi kan lalace idan wuta na yawan katsewa yana tsakar rubutu, don haka faifan waje ya fi dacewa da wannan aiki.

Kuɗi ma a kai biyu suke fita. Kamfanonin Usenet da dala ko yuro suke karɓa, ko dai a wata-wata, ko kuma a sayi wani adadi na gigabait wanda galibi ba ya ƙarewa sai an cinye shi. Na biyun ya fi dacewa da mai saukewa jefi-jefi, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Ga kuma kuɗin data, wanda hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Manhaja mai aiki da kanta ba ta san tsadar data ba, don haka sai an sa mata iyaka, kuma SABnzbd na da gurbin yin hakan.

Doka

Usenet da Docker da manhajojin saukewa duk halal ne a doka. Amma kaso mai yawa na fayilolin da ke yawo a zaurukan fina-finai ne da waƙoƙi da manhajoji da aka ɗora ba da izinin masu su ba, wasu kuma na ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta.

A 2010 Babbar Kotun Ingila ta samu shafin Newzbin, wanda ya ƙirƙiro tsarin NZB, da laifin keta haƙƙin mallaka bayan ƙarar da kamfanonin fim na Amurka suka shigar. A 2011 kotu ta umurci kamfanin sadarwa na BT da ya toshe shafin da ya gaje shi.

A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa ta intanet, kuma ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon toshe shafukan da ke keta doka. Masu shirya fina-finan Kannywood sun daɗe suna kokawa kan masu tura fim a waya a kasuwanni, kuma dokar ba ta bambanta fim ɗin da aka kwafa daga katin memori da wanda aka sauke ta Usenet.