Daga Rudu Zuwa Ƙwaya: Yadda Mutanen Gaya Suka Nemi Barci

Duk wanda ya kwana a Gaya cikin watan Agusta ya san cewa gaisuwar safe a nan tambaya ce ta gaskiya. Bahaushe ya ce «ina kwana?», Bazabarme da Badende su tambayi yadda aka kwanta, kuma kowa na sauraren amsa, domin garin yana bakin kogin Kwara, a yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Inda ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Shi ya sa tarihin neman barci a ƙasar Dendi ya fara da yaƙi da dare kansa, tun kafin a yi zancen wani abin haɗiya.

Shaidar da ta fi tsufa da na sani ta fito daga alƙalamin Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya ratsa ƙasar Kabi da Dallol Foga a 1853 zuwa Sayi, ya kuma komo ta nan cikin damina ta 1854. Bai shigo Gaya ba, amma ya bi ta arewacinta, kuma ya bayyana rudu: ƴar bukka da ake ɗagawa bisa dogayen sanduna, a hau da tsani, a shiga ta ƙasa, a toshe ƙofar da tabarma. A can sama iska na kaɗawa, sauro kuwa ya fi yawa kusa da ƙasa. Waɗanda suka gina rudu ba su san sauro ne ke kawo zazzaɓi ba. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani majiyyaci a Aljeriya, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da hannun sauro a Indiya. Barci kawai kakanninmu suke nema, suka samu kariya daga masassara a matsayin gyara.

Wanda ba shi da rudu yana da hayaƙi. Ana tara busasshen kashin shanu ko ɗanyen ganye mai ƙamshi a kunna a bakin ɗaki kafin a kwanta. Likitan nan ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya rubuta wani suna da har yanzu yake ba ni dariya idan na kawo shi a aji: sarakuwar sauro. Tsiro ne da sauro ke gudu kamar yadda mutum ke kauce wa surukarsa a hanya. Wanda ya raɗa wannan suna ya lura da ƙwaro, ya kuma lura da mutane. Bedi, wato dogon yaro, wanda ake ƙona ganyensa yau, baƙo ne daga Indiya, zamanin Turawa ya shigo.

Abokin gaba na biyu shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu rana kan haura digiri 40, bangon ƙasa ya sha ta ya riƙe har tsakar dare. Dabarar gida sananniya ce: a yayyafa ruwa a tsakar gida bayan magariba, a fitar da tabarmi, a watsa ruwa a jiki, wani ma ya jiƙa zane ya lulluɓa. Ilimin zamani ya gaskata wannan, don jikin mutum sai ɗuminsa ya ɗan sauka kafin barci ya kama shi. Wani bincike da Jerome Siegel da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 kan al'ummomi uku da ba su da lantarki, a Tanzaniya da Namibiya da Bolibiya, ya nuna ba su kwanciya da faɗuwar rana, suna jira har iska ta fara sanyi, kuma barcinsu bai cika wuce awa 7 ba. Wannan ya kamata ya rage mana kewar da muke yi wa wani zamani da ake cewa kowa na barcin awa goma. Kwanon rufi da ya maye gurbin jinka ya kawar da gobara da yoyo, amma ya mai da ɗakuna tanda, kuma ba a cika lissafa wannan cikin kuɗin ci gaba ba.

Akwai kuma rashin barcin da ba sauro ba ne ba zafi ba, wanda ke fitowa daga zuciya. Yaro ana lallashinsa da tatsuniya, wadda al'ada ta hana yi da rana. Babba yana da alwala da addu'a: Ayatul Kursiyyu, da surori uku na ƙarshen Alƙur'ani da ake tofawa a tafin hannu a shafe jiki, kamar yadda Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha. Idan abin ya ci tura a je wa malam ya yi rubutu a sha. Ko da an ajiye batun imani gefe, abu guda ake maimaitawa kowane dare, a lokaci guda, cikin natsuwa, kuma irin wannan tsari ne likitocin barci ke fara bai wa mai fama shawara kafin su taɓa takardar magani.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Gaya ta daɗe tana cin abinci daga kayan hana barci. Ayarin fataken goro da ke tasowa daga Gwanja, su biyo ta Jugu da ƙasar Bargu zuwa Sakkwato da Kano, a wannan yanki suke ƙetare kogi, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan cinikin goro. Goro na ɗauke da kafeyin, wanda rabinsa kan saura a jini bayan kimanin awa 5. Dattawa sun san haka ba tare da lissafi ba. Mai son barci ba ya fasa goro bayan isha'i. Da aka buɗe gadar Gaya da Malanbil a 1958, manyan motocin hanyar Kwatano suka gaji jakunan fatake, direbobi suka gaji goro, daga baya suka ƙara da kofi da ƙwaya. Tun shekarun 1990 kuma fada ta bazu, samari marasa aiki suna dafa shayi zagaye uku har ƙarfe biyu na dare. Daga 2023 gadar ta shiga rikicin rufe iyaka bayan juyin mulkin watan Yuli, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarki na wasu watanni, mutanen da suka saba da fanka suka koma tsakar gida da mahuci irin na kakanninsu.

Shekaru biyu ne, a ganina, suka sauya lamarin. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, maganin kanti ya yi tsada, masu tallar magani a tire da bisa keke suka cika kasuwanni, kuma gari mai iyaka biyu ba ya rasa haja. A watan Disamban 2005 kuma aka fara raba sange mai magani kusan miliyan 2 kyauta a faɗin ƙasa, tare da rigakafin shan inna. Sange ya yi aikin rudu ba tare da tsani ba, kodayake a lokacin zafi mutane da yawa na cewa yana shaƙe su, su naɗe shi.

Tiren mai talla kuwa labarinsa daban ne. A kansa akwai maganin mura irin su kulorfeniramin, wanda ke sa gyangyaɗi. Jiki na sabawa da shi cikin ƴan kwanaki, ya bar mutum da nauyin kai da bushewar baki, kuma yana rikita tsofaffi. Akwai diyazefam, da aka fara sayarwa a duniya a 1963, wanda doka ba ta yarda a ba da shi ba sai da takardar likita, saboda yana kama mutum, barinsa kwatsam kuma na iya jawo jijjiga. Mai tallar ba ya tambayar shekarun mai saye.

Wata shekara na yi wani ɗalibi, yaro mai ƙwazo, da ya riƙa faɗuwa barci a darasin ƙarfe takwas gab da jarrabawar BEPC. Na ɗauka lalaci ne, har na tsawata masa gaban ƴan aji, abin da nake nadama. Ashe da dare yana shan shayi don ya yi karatu, idan barci ya ƙi zuwa ya sayi ƙwaya biyu a bakin tasha, da safe ya ƙara shayi don ya farka. Kakarsa ce ta warware matsalar ba ni ba. Ta ƙwace butar shayin, ta sa a ɗaura masa sange a ƙarƙashin bedin tsakar gida, ta ce daga ƙarfe goma ba a kunna fitila a gidanta. Ya yi kwana huɗu yana juyi a kan tabarma, a na biyar sai da aka yayyafa masa ruwa kafin ya tashi sallar asuba.