Aika Kuɗi Gida ta Wayar Salula: Bayani ga Mazauna Misfala

Misfala unguwa ce a kudu da Masallacin Harami a Makka, inda Hausawa suka daɗe da zama. A da, mai son aika kuɗi gida sai ya ba alhazai saƙo, ko ya bi ta hannun 'yan canji. Wayar salula ta samu karɓuwa a harkar bayan fitowar STC Pay a 2018, wanda ya koma STC Bank a 2025. A Nijeriya kuwa, ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura jama'a zuwa OPay da Moniepoint.

Amma wanda bai san ƙa'idar abin ba yakan yi asara, ko ya tsorata ya daina. Abubuwa uku ya kamata kowane gida ya sani:

1. Takardu. Baƙo mazaunin Saudiyya yana buɗe asusu ne da igama mai aiki. A Nijeriya ana neman BVN ko NIN. Wanda ya ajiye kuɗi a asusun wani zai sha wuyar kafa hujja idan rigima ta taso.

2. Lissafi. Tun 1986 dala ɗaya riyal 3.75 ce, naira kuwa hawa da sauka take yi. A duba nawa zai isa hannun mai karɓa, domin ana ɓoye riba a farashin canji, ko da ladan aikawa kaɗan ne.

3. Sirri. Banki ba ya kira ya nemi lambar sirri. Duk wanda ya nema, ɗan damfara ne.

A koya wa iyaye da iyali na gida wannan, domin su ma ana kiran su. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.